Rawanin Tanko Da Aka Bari Da Zagaye Ɗaya

Zuwa ga Alhaji Ɗanjuma Mai Goro, shugaban kwamitin makarantar ilimi ta bayan tasha, Zangon Agege, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ina kuma fatan huhunan da ka ɗora a jirgi sun isa Arewa ba ɓaci. Sannan ina yi maka ta'aziyyar malaminmu, ni da kai, Baba Malam Idi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Ni ne Sa'idu, mai karantar da fiƙihu a makarantar nan. A Ikko aka haife ni, kakana soja ne da ya zo tare da Turawa bai koma gida ba. Tare muka yi ƙuruciya da kai, Alhaji, tare muka durƙusa gaban Malam Idi, kai ka tafi fatauci, ni na zauna a kan tabarma. Don haka ban so a ce sai da takarda zan yi maka magana ba, balle takardar da za a karanta a ƙofar masallaci. Amma na je gidanka, na je rumfarka ina tsaye ana ɗaurin goro a ganyen fita, kowane zuwa amsa ɗaya ce: kwamiti zai duba. Na jira har jira ya zama kunya. Yau na shafa wa idona toka, zan faɗa a gaban jama'a, ka yi mini afuwa.

Na farko, ban zo in musa alherinku ba. Wanda duk ya san makarantar nan lokacin da take rumfar kaba, ruwan Agege na zuba a kan littattafai muna tare shi da tasa, ya san abin da kuka yi. Ku kuka sayi fili, ku kuka zuba siminti, kuka rufa kwano, kuka kawo benci da ƙararrawa. Da kuka ɗauko hedimasta mai takardar shaida don gwamnati ta san da zamanmu, ba mu ce uffan ba. Yara na kiransa oga, mu ma muna gaishe shi da mutunci, kuma yaron kirki ne. Ginin naku ne, lokutan buɗewa da rufewa naku ne, abin da ake ba mu a ƙarshen wata daga hannunku yake fitowa. Allah ya saka muku.

Na biyu, akwai abu ɗaya da ba ku saya ba, domin tun kafin a kafa kwamiti yake hannun malamai. Ina tuna maka shi ne saboda matasan da za su ji wannan takarda, ba don ka manta ba. Tun jirgin goro yana sabon abu Malam Idi ya kafa mana al'ada: ba a naɗa wa ɗalibi rawani, wato ba a ba shi izinin ya zauna ya karantar da mutane, sai malaman makaranta duka sun zauna a tabarma ɗaya a zaure, a gaban jama'a, kowa ya yi masa tambaya a fanninsa. In an gama, sai a ɗora masa jar dara, a kawo farin ƙyalle. Babban malami ya yi zagayen farko, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya yi nasa, haka har kan ƙarami. Malamin da zuciyarsa ba ta natsu ba, ba ya cewa komai, sai ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Shi ke nan, a naɗe ƙyalle a ajiye sai baɗi, ba faɗa ba gaba. Ni kaina an taɓa ajiye mini ƙyalle saboda nahawu, na yi kuka a bayan tasha, na koma na zauna. Ko Malam Idi da kansa bai isa ya naɗa shi kaɗai ba. Yakan ce shi ido biyu kawai Allah ya ba shi, kuma yana son ɗalibansa fiye da kima, dole a samu wanda zai riƙe masa hannu.

Na uku, ga abin da ya faru a naɗin bana. Mu biyar ne malamai. Ba wanda ya kira mu zama. A bakin yara muka ji cewa kwamiti ya zaɓi waɗanda za a naɗa, ta hanyar duba wanda ya fi zuwa ajin safe. Muka je wurin hedimasta, ya sunkuyar da kai ya ce umarni ne daga sama: an gayyato babban baƙo daga Ikko, zai koma a jirgin yamma, ba zai iya zaman tambayoyi na yini guda ba. Haba Alhaji! Saboda jirgin yamma?

Ranar taro aka zaunar da mu a benci na baya, bayan baƙi, bayan masu kuɗi. Sai ga rawuna an shigo da su a kan faifai, naɗaɗɗu tsaf. Ashe an ɗauko mai naɗi ne daga kasuwa, ya kifa ƙwarya a kan turmi ya naɗa su tun jiya. Baƙo ya riƙa ɗauka yana kifa wa yara a kai kamar hular kwano, ana tafi. Na Lawal, ɗan ƙaninka, ya yi masa yawa, ya zamo ya rufe masa ido, mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na juya na dubi Malam Idi, tsoho mai furfura har gira, na ga ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa. Babu wanda ya lura, Alhaji, don babu wanda ya miƙo masa ƙyalle balle a ga ya ƙi karɓa. Wallahi tun da nake ban taɓa jin zuciyata ta karye irin ta ranar ba.

Kada ka ɗauka ina zargin Lawal. Yaro ne mai ladabi mai ƙwaƙwalwa, da an bar shi shekara ɗaya ko biyu da ni zan fara miƙa hannu. Amma bai gama babin gado ba, ni nake karantar da shi, na sani. Bayan naɗin, wata mata da mijinta ya rasu a aikin reluwe ta ga rawani a kansa, ta tare shi a hanya tana tambayar rabon 'ya'yanta. Yaron nan ya ce mata yana zuwa, ya bi ta lungu ya zo gidana yana hawaye, ya cire rawanin ya ajiye a gabana ya ce, "Malam, ni ban ce a sa mini ba." Yanzu kullum yana zuwa karatu a ɓoye, da rawani a cikin jaka. Kun so ku girmama shi, kun ɗora masa abin da ke hana shi barci.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, maganar Tanko ce. Ka san shi, mahaucin nan na kwata mai ɗingishi, wanda gashin kansa ya fara fari. Tanko ba ya zuwa ajin safe, ba zai taɓa iya zuwa ba, don da safe ake yanka. Sai azahar yake wanke jini ya canza riga ya zo ya zauna a gefen zaure. Haka yake yi tun 'ya'yansa na goye, ga shi yau babbar ta yi aure. Ba wani mai kaifin basira ba ne, a hankali yake tafiya, abin da wani zai ɗauka a mako shi sai ya yi wata yana maimaitawa. Amma ya kai. Mu biyar mun san ya kai. Mahautan kwata sun gina ɗan masallaci, suna jiran a naɗa shi ya riƙa karantar da su tsarki da salla da hukuncin yanka, don a Zangon nan, ka sani, mutum ba ya shimfiɗa buzu ya karantar sai da rawanin makaranta. Har maƙwabtansu Yarabawa sun fara tsokanarsa suna kiransa Alfa, wato malam a bakinsu. Ya sayi dararsa da ƙyallensa tun kafin azumi. Da sunansa bai fito ba, bai yi ƙorafi ba, ya zo taron ya taya shimfiɗa tabarmi, ya tsaya a bakin ƙofa har aka watse.

Bayan taron da 'yan makonni Malam Idi ya kwanta. Wata rana da hantsi ya aika a kira mu, mu huɗu, ya ce Tanko ya zo da kayansa. A ɗakinsa, ana yayyafi, ya ce mu yi tambayoyinmu. Muka yi, kowa a fanninsa, ba sassauci, har Tanko ya jiƙe da gumi. Babu wanda ya ɗora hannu a gwiwa. Aka tallafi tsoho ya zauna, ya ɗora wa Tanko dara, ya kama ƙyalle, ya yi zagaye ɗaya, ya soke bakin. Ni ne na kusa da shi, na miƙa hannu in karɓa. Sai ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce, "A'a, Sa'idu. Ni na yi nawa ne don ba ni da lokaci. Naku a zauren makaranta za ku yi, a gaban jama'a, Ɗanjuma yana zaune. In kuka ƙarasa a ɗakin nan, makaranta ta zama biyu." Ya ce kada mu yi fushi da kai, wai kai tun kana yaro mai gaggawa ne, amma kana dawowa.

Bai ƙara mako ba ya rasu. Kai ma ka ɗauki makara, Alhaji, na ga idonka ya yi ja, na san ba na munafunci ba ne. Washegarin sadakar bakwai muka je neman zaure. Aka ce makulli na wurin sakatare, kuma ba a taro a makaranta sai da izinin kwamiti, kuma kwamiti ya riga ya yanke cewa naɗi ya koma hannunsa. Wasu sun ba mu shawara mu yi abinmu a ƙofar gidana, wa zai hana? Ba wanda zai hana. Amma mamaci ya riƙe mini hannu, har yanzu ina jin yatsunsa a wurin.

To ga abin da nake roƙo, ni da 'yan'uwana malamai uku.

A buɗe mana zaure yini ɗaya, ka zo ka zauna a gaba, mu ƙarasa wa Tanko rawaninsa. In kana so a sake yi masa tambayoyi a gabanka, a shirye yake.

A mayar wa malamai da hukuncin wanda ya isa naɗi da wanda bai isa ba. Ku riƙe gini da kuɗi da ƙararrawa, ku gayyato duk baƙon da kuke so, in ma satifiket gwamnati ke nema a buga a ba yara. Hedimasta ya zauna tare da mu a tabarma, shi ma ya yi zagayensa, mun yarda. Amma wanda bai taɓa jin karatun ɗalibi ba, kada ya shaide shi a gaban Allah da mutane. Kai da kanka ba ka barin kowa ya zaɓar maka goron da zai yi doguwar tafiya sai wanda hannunsa ya saba da shi.

Kuma a bar wa masu aikin safe, mahauta da 'yan dako da leburorin tasha, ƙofar da Malam Idi ya bar musu. Su ne rabin Zango.

Ba mu neman ƙarin ko anini, ba mu neman kujera a gaban baƙi. In kuka ƙi, ba za mu bar aiki ba, ba za mu kai ƙara ko'ina ba. Gobe ma za ka gan mu a aji in an kaɗa ƙararrawa. Sai dai za mu zama masu karantarwa da ba a tambayarsu me suka gani, kuma wannan ciwo ne da ban san maganinsa ba.

Jiya na biya ta gidan Tanko. Tun ranar da tsoho ya yi masa zagayen nan ya cire darar a hankali da hannu biyu, ya kifa ta a kan tulu a kusurwar ɗaki, ragowar ƙyallen na naɗe a cikin faifai a gefe. Ya hana yara shiga, ya hana matarsa shara a wurin. Amma ka san danshin garin nan da damina, ga jirgi in ya wuce har bango ke girgiza. Bakin da tsoho ya soke ya fara zamewa. Na ce masa ya ɗan tura shi da yatsa ya gyara. Ya dube ni ya ce, "Malam, in na taɓa, ai ya zama hannuna."

Alhaji, zaure zai jira, kwamiti zai jira, mu ma mun iya jira. Zagayen nan ne ba zai jira ba. In ya warware, za mu iya sayen wani ƙyalle, mu huɗu mu naɗa masa mai kyau, amma babu inda za mu sake samo hannun Malam Idi.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, ya tsare maka dukiyarka a hanya, ya shirya maka zuriya, ya sa aikin da ka yi wa makarantar nan ya tarar da kai a kabari. Allah ya sa malaminmu ya yi gaskiya da ya ce kana dawowa. Makullin kawai muke jira.

Wassalam.

Naka, abokin tabarmarka,
Sa'idu mai fiƙihu, Zangon Agege.