Tsohuwar Motarka Ta Ƙone Ina Kallo

Zuwa ga maigidana, Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka.

Daga bakin tagar da ke kallon gareji nake rubuto maka. Nan na koma wuni tun da na shiga takaba.

Ka san halin layinmu na Nassarawa, katanga da ƙofar ƙarfe, bas ba ta shigowa. Da aka hana mu mata hawa acaɓa, kai ka ce kada in damu, tsohuwar motarka ta Ingila za ta riƙa kai ni makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada. A cikinta ka koya mini tuƙi, kana salati duk kwanar da na sha.

Har abin da ban tambaya ba ka koya mini. Motocin yanzu, kan batir mai alamar ɗebewa ake haɗawa da jikin mota. Taka kuwa, mai alamar tarawa ne ke zuwa jiki. Kullum ka buɗe gabanta sai ka ce, "Binta, wannan bauɗaɗɗiya ce, irinki."

Jiya ƙaninka Habu ya zo da mai gyaran wayar mota da sabon batir, wai a tayar da ita kafin rabon gado. Na aiki kukunmu ya gaya musu yadda ake haɗa batirinta, suka yi dariya. Na buga taga, na ɗaga murya. Habu ya aiko mini cewa mai takaba ba ta yi wa maza ihu. Shi kuma mai gyaran ya haɗa yadda ya saba, ban ga laifinsa ba.

Ina tsaye hayaƙi ya turnuƙe. Ƙaurin waya ya hauro har ɗakinka. Wallahi, Malam, na ji haushi, har da kai, da ka tafi ka bar sirrinta a bakin wadda ba a saurara.

Yanzu Habu ya ce 'yan gwangwan za a sayar wa. Makaranta na jirana bayan takaba, ni kuwa ban san da me zan fita ba. Gobe za su zo su ja ta. Mukullin na ƙarƙashin matashina, na hana, ko da yake na san ba sa buƙatarsa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ni kuma ya ba ni juriyar gobe.

Matarka,
Binta