Na ƙirƙiri ƙane don a ɗinka mini kaftani, yanzu tela zai je duba shi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kada a sa. Sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Na san akwai waɗanda tun kafin su kai tsakiya za su fara zagina, ina roƙonku ku daure ku kai ƙarshe tukuna. Karatuna iya firamare ne, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

An haife ni a Kebbe, an raɗa mini sunan mata, kuma duk wanda ya gan ni a hanya cikin hijabi mace zai ce. Amma ni tun da na yi wayo ban taɓa jin kaina mace ba. Ban san yadda zan bayyana muku ba. Ba wani ne ya koya mini ba, ba a waya na gani ba, lokacin ko waya babu a gidanmu. Na yi addu'a, na yi azumi, har aure na yi, bai daɗe ba, kuma mutumin ba shi da laifin komai. Abin yana nan inda yake. Yanzu ina zaune a Tambuwal wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ina taya ta sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ni ke kai wa masu saye a kasuwa. Mahaifina yana Kebbe, kuma bai taɓa samun ɗa namiji ba. Ku riƙe wannan, don a nan masifar take.

Ba fita nake yi da kayan maza ba. In Gwaggo ta tafi Islamiyya ko biki sai in kulle ɗaki in sa, in zauna a bakin gado in yi numfashi kamar kowa, in cire kafin ta dawo. Iyakarsa ke nan. To amma ni gajere ne, ga ƙaramin jiki, kuma wallahi babu kayan maza da aka yi don irina. Na sha saya a wajen 'yan gwanjo ina cewa aike ne. Kaftanin manya yana jan ƙasa, hannun ya haɗiye yatsuna, wuyan ya zame ya koma kafaɗa, in duba madubi in ga kamar yaro ya sato rigar babansa. Na yara kuwa tsawon ya yi, amma ya matse ni a ƙirji da ƙugu ya fito da duk abin da nake gudun gani, wandon ko cinya ba ya wucewa. Hula ta faɗo ta rufe mini kunne. Na gwada ragewa da allura da zare, na ɓata. Wani zai ce riga ce kawai, mene ne abin kuka? Ni dai na san sau da yawa a ƙasa nake ƙarewa ina kuka da rigar a jikina.

Akwai wani dattijon tela a kan hanyar da nake bi zuwa kasuwa, zan kira shi Baba Manu, ɗinkin maza kaɗai yake yi. Na daɗe ina wucewa ina satar kallon kaftanan da yake ratayewa. Amma wace mace ce za ta tsaya gaban tela namiji ya auna ta, balle a kan kaftani? Sai na tuna yadda mutanen ƙauye suke aiko da awon wanda bai samu zuwa ba. Na samu zaren buhu na auna kaina a ɗaki, kowane wuri in ƙulla, tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, ƙugu. Na sayi yadi mai ruwan toka na kai masa tare da zaren.

Ya ce, “Wanga awo na wa ne, ɗiyata?”

Na ce, “Na ƙanena ne, Bello. Yana Kebbe.”

Ya tambaye ni ɗiyar wa ce ni a Kebbe, na faɗa masa sunan mahaifina na gaskiya har da unguwarmu. Kun ji wautata? Wai ni ina jin nauyin in yi wa dattijo ƙarya a kan sunan ubana, alhali yanzu na gama haifa wa uban nawa ɗan da ba shi da shi.

Ya bi ƙullin zaren da yatsa yana ɗorawa a kan tef, ya ce, “Yaro na ko babba?” Na ce babba ne, gajarta ce kawai. Ya yi dariya ya ce, “To mi? Ni ma ranar da anka raba tsawo ina can bayan layi. Amma wanga ƙane naki ƙugu nai ya fi kafaɗa tai. Bari ki gani. Kafaɗa zan ƙara mishi kaɗan in sa mata tauri, in saki gefe tun daga hammata, in ɗaga aljihu sama. In ya tsaya, wallahi sai an ba shi hanya.”

Ranar da na sa wannan kaftanin ban san yadda zan faɗa muku ba. Hannu ya tsaya a inda hannu yake tsayawa. Ƙirjin ya sauka sumul, babu abin da ya nuna. Wandon ya hau ba da faɗa ba. Na duba madubi na ga mutumin da na sani tun ina ƙarami. Ya kamata in tsaya a nan, ko ba haka ba? Ban tsaya ba. Da na tara ɗan abin da na tara sai na sake kai wani yadin.

A nan ne ya ce, “Shi wanga Bello ba ya zuwa Tambuwal ne? Tela ido shika so, ba zare ba. Ki ce mishi ya zo in gan shi, in auna shi da hannuna.” Da na ce noma ya riƙe shi, ko yana Kudu wajen nema, da shi ke nan. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, “Ba shi da lafiya, Baba.” Ya tsayar da keken ya ce, “Subhanallahi! Ciwon mi?” Na ce ƙafa, ba ya iya hawa mashin.

Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Ban isa in wuce da tire a kaina ba sai ya ɗago ya ce, “Ɗiyata, ya jikin mutumina?” Da Sallah ta zo na kai wani yadin, ya ɗinka ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce sadaka ce ga mara lafiya. Na roƙe shi, na rantse, ya ce in na ƙara magana zai yi fushi da ni. Na kawo masa ƙuli da man gyaɗa wai in rage nauyin, ya ce in haɗa in aika wa Bello, mai jinya ya fi shi buƙata. To ku gaya mini, rigar da aka bayar sadaka don gurgu, ni da ƙafafuna biyu lafiya lau na sa ta, mene ne sunan wannan? Ba cin haƙƙi ba ne? Wata rana ya ba ni sassaƙe a leda, ya ce wani mutumin Jabo ya kawo masa, a jiƙa a riƙa ba Bello safe da yamma. Na kasa zubarwa. Na jiƙa na riƙa sha, ga ɗaci kamar me, don na ga ai wanda aka nufa da shi ni ne, in na zubar na ƙara cin amanarsa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali, wata la'asar muna tsakar gida da Gwaggo muna suyar ƙuli, aka idar da salla a masallacin unguwa, sai na ji liman a lasifika yana cewa Malam Manu tela ya nemi a yi wa wani bawan Allah addu'a, Bello, mutumin Kebbe, yana fama da ciwon ƙafa. Jama'a suka ɗauki amin. Gwaggo ma ta shafa ta ce, “Amin ya Allah. Ke, wane Bello na kuma a Kebbe? Ko na gidan masu jaki?” Na ce ban sani ba. Matsamin ya faɗi daga hannuna, mai ya fallatsar mini a ƙafa, ban ma ji zafi ba sai daga baya. Masallaci guda na sa ya roƙi Allah a kan ƙarya. Wace irin tuba ce take wanke wannan?

To a satin nan abin ya zo wuya. Na zo wucewa Baba Manu ya kira ni ciki, ya zaro wani farin kaftani na shadda, ya yi masa aiki a wuya da hannunsa, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ya ce, “Asabar akwai ɗaurin auren ɗan aminina a Kebbe, na riga na kama wuri a mota. Wanga da hannuna nika son in kai mishi. Mutum shina kwance tun bara, ni ina ta aike kamar wani hakimi, ai da kunya.” Na ce, “Baba, ai an wuce da shi asibiti Sakkwato.” Ya ce, “To sai in gaida mahaifi nai, in bar mishi rigar. Ai shi ma shina buƙatar a ce mishi sannu.”

Wallahi har ya zo mini a rai in koma in ce Bello ya rasu. Astagfirullah. Sai na tuna in na faɗi haka ai ta'aziyya ta wajaba a kansa, ba shi kaɗai zai je ba ma, da mutanen masallaci zai tafi. Kuma ta yaya zan kira wa kaina mutuwa da bakina?

Na kasa cin abinci, abu ɗaya nake ta gani a raina, kamar ya riga ya faru. Baba Manu ya yi sallama a ƙofar gidanmu, mahaifina ya fito, ya ce ya zo duba Bello. Wane Bello? Ɗanka mai ciwon ƙafa, wanda yayarsa take kawo awonsa. A warware kaftani a zaure. A shiga da shi cikin gida a nuna wa Inna, mahaifiyata. Ita kuwa kallo ɗaya za ta yi masa ta gane, don ta taɓa kama ni ina ƙarami da rigar ɗan maƙwabtanmu a jikina, ta yi kuka, ta ce in mahaifina ya ji ba ni ba gidansa, kuma ta rufe maganar har yau. Mahaifina mutum ne mai zafi, yana limanci wani lokaci in liman ba ya nan. In ya sallama ni, Gwaggo ƙanwarsa ce, ba za ta riƙe ni ba. Ina za ni? Kuma Kebbe ba babban gari ba ne, in maganar ta fita waje na san abin da ake yi wa irina, ba sai na faɗa ba.

Wani abu kuma yana cina. Da zan fita daga shagon, ya ɗaga kaftanin ya riƙe shi a gefena, bai taɓa ni ba, ya ce, “Ke ma kusan tsawonku guda da shi, ko?” Na ce e. Ya kalli rigar, sannan ya ninke ta a hankali ya sa a leda. Ya gane ne? Tafiyar ma ko don ya sa in buɗe baki ne? In ya gane, me ya sa yake ta ɗinkawa? In kuma bai gane ba, na je na faɗa masa, mutumin da ya sa aka yi addu'a a lasifika, da wane ido zai kalli liman? Zai rufa mini asiri, ko a ranar zai aika a kira mijin Gwaggo? Wani lokaci in ji kamar in shiga in durƙusa in ce Baba, babu wani Bello sai ni, ka yafe mini. Sai in tuna shi kaɗai ne a duniyar nan ya taɓa yi mini abu daidai da ni, kuma ko a hakan bai san ni ya yi wa ba.

Ban zo neman a yanke mini hukunci a kan abin da nake ji a jikina ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma duk wanda zai zage ni a kai na riga shi yin kuka. Abin da nake nema shi ne yadda zan hana wannan dattijo tsayawa a ƙofar mahaifina ranar Asabar ba tare da na ƙara wata ƙaryar ba, don wallahi ba zan iya ɗaukar ƙari ba. Baba Manu ya ce gobe in na dawo daga kasuwa in biya in kwatanta masa gidan sosai, kada ya yi ta yawo a rana yana tambayar mutane.

'Yan'uwa, gobe yana jirana. Don Allah, me zan yi?