Sawun Feleti Ya Iso Gida

Ha'atafu, Tongatapu

Zuwa ga Yaya Kalolaine,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya ke da maigida da jikoki a can Alaska, Allah ya sa sanyi bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Ni da 'yata Seini mun sauka gida lafiya. Ƙanenki Samisoni ya zauna a Wollongong saboda aiki, yana cin abinci yanzu, amma har yau magana ba ta dawo masa sosai ba.

Yaya, likita ya ce zuciyar Feleti ce ta tsaya a wurin ginin da yake aiki, na ji. Na ga an rufe shi da ƙasa, na gani. Amma ban gane ɗana ya tafi ba sai wata Asabar da na ɗauki tsintsiya na share baranda ban tara ko ƙwayar yashi ba. Kullum faɗanmu ke nan, ya dawo daga teku ya cika min gida da yashi. Na juya na ga allonsa na hawan igiyar ruwa jingine da bango a bushe, sai na zauna nan ƙasa da tsintsiyar a hannuna.

Tun da ba mu iya kawo gawarsa gida ba, na ce allon zai zo gaɓar tekun da ya fara koyo. Abokinsa Kev, tsohon nan mai gyaran alluna, ya zo ɗaure shi. Ya kwance fikafikai ukun da ke ƙasan allon, ya naɗe hanci da gindi da soso, yana cewa masu lodin jirgi ko uwarsu aka sa a jaka sai sun jefa ta. Daga nan ya fito da abin kankara zai kankare kakin da ake gogawa don kada ƙafa ta zame, wai idan kaya suka daɗe a rana a filin jirgi narkewa yake yi ya ɓata komai. Na riƙe hannunsa. A cikin kakin nan akwai sawun Feleti, dunduniya da babban yatsan nan mai karkata, irin naku na gidan Tapueluelu. Na ce masa in ya taɓa shi, sanƙonsa zan kankare. Ya duba, ya cire hula, ya ce Mama Lesi kin yi nasara, amma kada ki ce ban gaya miki ba.

Na shimfiɗa takardar gashin burodi a kan sawun, na rufa da tawul, sannan na ciro ngatu, zanen ɓawon itacen nan da Mama ta buga da hannunta ta ba ni ranar aurena, na naɗe allon kamar yadda muke naɗe mamaci. Seini ta ce yayanta ko a raye bai taɓa yin ado haka ba, muka yi dariya har da hawaye. A filin jirgi jakar ta yi nauyi, na ciro kayan sawata na bar wa Samisoni. Da baƙar rigar makokin da ke jikina na taho.

Da muka sauka filin jirgin Fua'amotu an manta da allon a keken kaya, ina hango shi ta gilashi, rana tana dukansa. Ni da ba na ɗaga murya a gaban mutane, ranar na ɗaga, har wani ma'aikaci ya ruga ya jawo shi inuwa. Daga nan muka wuce gida da shi. A tsakar gida muka buɗe, gaban dangi. Kakin ya narke ta gefe ya manne wa tawul, amma da na ɗaga takardar, sawun yana nan, har karkatar yatsan. Kawu Siale ya sa gilashinsa ya duƙa, ya ce ko a duhu ya san ƙafar gidansu, mummuna ce amma ba ta faɗuwa. Yaya, ban yi karatu mai zurfi ba, amma na kawo ɗana gida ba tare da ya karye ba. Abin da hannu ya riƙe da gaskiya ba ya suɓucewa.

Yanzu samarin gari suna so su shiga teku da allon su yi masa da'ira su watsa furanni, kuma Seini tana so ita ta hau. Duk wanda ya taka, sawun ya tafi. Na faɗa musu ke ce gwaggonsa, 'yar'uwar ubansa, a al'adarmu maganarki ce ta ƙarshe, kuma ngatun ma naki ne tun da ba ki samu zuwa jana'iza ba. Ni zuciyata ta rabu biyu, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaishe min da Maikolo, da Tupou da yaranta. Seini da Kawu Siale suna gaisuwa. Allon yana ɗakin Mama a naɗe, fikafikan suna cikin jakata. Ba a mayar da su ba, sai mun ji daga gare ki.

Matar ƙanenki,
Lesieli