Sunan Baba a Lasifika

Tudun Kaya, Ƙaraye.

Zuwa ga Yaya Hidaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya sanyin Jos, ya kuma ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi, an cire gyaɗa, Safiyatu kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, ban kira ki a waya ba don na san kuka zai hana ni magana. Zancen ɗanki Abdulmutalib ne. Kin tuna bara ya zo daga jami'a da na'urar ɗaukar murya, yana binciken tarihin ƙauyukan da aka tasa lokacin gina dam. Inna ta ji daɗi, kwana uku tana lissafa masa gidajen tsohon garinmu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan wanda ya ja gaban mutane ranar ƙaura, wato Baba, sai ta ce maigidan ne. Ya ce sai dai suna. Na ce bari ni in faɗa, ya ce a'a, daga bakin wadda ta gani ake so. Ya yi ta wasan jika da ita, matata kaza, matata kaza, ta ƙi. Ni uwar shisshigi ni na lallashe ta, bayan ya rantse mini shi kaɗai zai saurara, ya rubuta, ya goge. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗi sunan mijinta sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Shekara sittin ba ta taɓa yi ba, ko ranar da ya rasu.

Ran Asabar shi da abokan aikinsa suka shirya taro a filin makaranta, wai za a mayar wa jama'a tarihinsu. An zo har daga Falgore ta Rogo. Wallahi da farko abin ya yi kyau, tsofaffi na hawaye suna nuna gidajensu a taswira. An zaunar da Inna a kujerar gaba. Kwatsam sai ga muryarta a lasifika, har sun ƙara mata ƙarfi, tana kiran sunan Baba gatsau a gaban surukai da jikoki. Fili ya ɗauki shewa da tafi, wata har tana cewa ashe Inna an iya. Inna ta miƙe. Ta laluba takalmanta, na riƙe ta muka fita.

Da na tare Abdulmutalib, ko a jikinsa. Wai girmamawa ce, wai abokan aikinsa sun ce wurin ya fi ko'ina taɓa zuciya, kada a cire. Kin ji fa! Yanzu abin yana ta yawo a wayoyin mutane, ba mai iya kamo shi. Ya ci amanata, ni kuma na ci ta Inna, abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Inna ta daina fita, ko sunan jaririyar ba ta je ba. Jiya ya dawo da goro da na'urarsa, wai saura labarin tsohuwar maƙabarta, tunda ita kaɗai ta rage da ta san wa ke kwance a ina. Ta amsa gaisuwarsa kamar ta baƙo, ta ce ta tsufa, ta manta komai. Yaya, ba ta manta ba. Bayan ya tafi na durƙusa na roƙe ta ta gaya mini ni kaɗai, ba na'ura, don kakanninmu ne a can. Ta dube ni ta ce abin da ta gaya masa shi za ta gaya mini. Don Allah ki zo, ko ke za ta buɗe wa baki.

Ki gai da maigidan, da Munawwara da Kamilu. Sabi'u da Zaituna suna gaishe ku. Ba zan ce Inna tana gaishe ki ba, don na gaya mata ina rubuto miki, ta yi shiru. Yanzu ko gaisuwa ba ta ba ni in kai.

Taki ƙanwa,
Tani