Ranar da Muka Buɗe Lambunka, Yaya Sani

Zuwa ga yayana kuma maigidana, Marigayi Sani Mai Takalma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, na san takarda ba ta isa inda kake. Amma shekara shida na yi a Guangzhou ta ƙasar Sin, duk abin da ya faru kai nake fara kai wa labari, kuma har yanzu bakin bai daina ba. Yau ma labari na kawo.

Ka tafi ka bar Maman Husna da 'yan mata biyu, Husna da Amira, a ƙasar da takardar zamansu a jikin taka take. An yi mata adalci, an ƙara mata wa'adi har ta fita takaba, amma ƙarshen watan jiya shi ne iyaka. Kuɗin jirgin mutum uku zuwa Kano kuwa, bayan abin da jinyarka ta ci, babu shi babu dalilinsa. Hajiyarka a Fagge kullum sai ta kira tana tambayar yaushe za ta ga jikokin da ba ta taɓa ɗorawa a cinya ba.

Mun so a yi karo-karo bayan sallar Juma'a. Matarka ta ce sam. An yi na asibiti, an yi na jana'iza, ba za a yi na uku da sunanka ba. Ka dai san ta in ta kafe.

Sai na tuna da lambunka.

Ka tuna yadda muka dinga yi maka tsiya lokacin da ka kama haya a ƙauyen nan na bayan gari, inda jirgin ƙasa yake ƙare tafiya? Mutum ya ƙetaro duniya sayen takalma a Liwan, ya ɓige da noman rama. Irin yakuwa da lalo da kuɓewa a cikin safa ka ƙullo su daga gida. Duk Lahadi kana can, wando a naɗe, ka saɓa sanda a kafaɗa da bokiti biyu kamar tsofaffin matan ƙauyen, suna yi maka dariya kana yi musu. Mu masu dariyar nan, babu wanda bai sha miyar kuɓewarka ba. Ko sau ɗaya ban ga ka karɓi kuɗin kowa ba. Kullum cewa kake, "Ni ba don kasuwa na shuka ba, Auwalu, don miya na shuka."

Bayan rasuwarka, tsohuwar nan mai fangali kusa da naka, wadda muke kira Ayi, wato gwaggo, ita ta ci gaba da ba shukarka ruwa. Ba wanda ya sa ta. Da na je na tarar zogale ya fi ni tsayi, yakuwa ta yi jajir, kuɓewa har ta fara ƙosawa.

Na ce to, a buɗe lambun rana guda, a gayyaci jama'a, a sayar da amfanin da abinci. Ciniki ne, ba roƙo ba. Da ƙyar Maman Husna ta yarda. Ayi ta nemo mana izinin shugabannin ƙauyen. Na zaɓi Lahadin da ake baje koli a Pazhou, lokacin da masaukan Liuhua suke cike da alhazanmu. Ɗalibai 'yan Nijar suka kafa rumfa, mata suka yi kwaɗon zogale da tuwon shinkafa da zoɓo mai sanyi. Ni kuma na bugo takardar nan da ake haska wa waya a biya, na kafa ta a kan tebur, ina ta jin kaina.

Jama'a ta zo, wallahi har ta fi yadda na zata. 'Yan ƙauyen suna zagaya fangalinka suna shinshina ganyen yakuwa, alhazai suna ɗaukar hoto da rama kamar sun haɗu da ɗan'uwa.

Kuskurena ɗaya: na zaunar da matarka a tebur.

Wani dattijo ɗan ƙauyen ya nuna kuɓewa, ya ɗago wayarsa zai biya. Ina kallo ta kife takardata, ta cika masa leda, ta ɗora masa tattasai a kai. Na biyu ma haka. Sauran matan da suka ga abin da uwar taro take yi, sai kowa ta saki hannu. Na lallaɓa kusa da ita, na tuna mata cikin raɗa abin da ya tara mu. Ta dube ni ta ce, "Mutum ya tako da ƙafarsa ya zo lambun mijina, sai in ce masa kawo kuɗi? Auwalu, baƙi ne fa."

Kafin azahar an share komai. Kwanduna wayam, tukwane wayam, wayata ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba.

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma bayan zogalenka na tsaya ina huci, har da kai na haɗa a laifin, don kai ka koya mata. Kwana tara ya rage, kuma ni na cinye dabarata.

A nan Ayi ta same ni. Ta tambaye ni me ya sa ba a karɓar kuɗi. Da guntun Sinancina na gaya mata a wajenmu ba a sayar wa baƙo abin gida, na kuma gaya mata abin da muke nema da ranar da wa'adi zai cika. Ta ɗauki hularta ta tafi, tsofaffin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Na ce shi ke nan, an ci an watse.

Muna idar da la'asar sai ga su a jere, kowa da ƙaramar jar ambulan. Ba wajen tebur suka nufa ba. Wajen Husna da Amira suka je, kowa ya miƙa da hannu biyu. Maman Husna ta miƙe za ta hana, Ayi ta riƙe mata hannu, ta sa ni na fassara: wannan ba kuɗin ganye ba ne, na hanya ne. A ƙauyensu yaro ba ya kama doguwar tafiya ba a sa masa wani abu a aljihu ba.

Na ce wa Maman Husna, guzuri ne. Sai ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Guzuri dai ko a wajenmu ba a mayarwa.

Alhazanmu fa kunya ta kama su. Wani Alhaji Mamman, ɗan Kantin Kwari, ya ja ni gefe yana tambayar inda ake sayar da ambulan ɗin. Da ka ga manyan mutane da manyan riguna sun yi layi a ɗan kantin ƙauye, har mai kantin ya ɗaga hannu yana cewa "meyo", wato babu, da ka yi dariyar nan taka mai sa ka tari.

Na yi ta tunani tun ranar. Ni na tsara komai, amma da an bi tsarina, kuɗin ganye kawai za mu tashi da shi. Matarka ta ƙi zubar da mutuncin gidanka a ranar da ta fi kowa bukata, kuma ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba. Na je na ba ta haƙuri. Ka yi dacen mata, Yaya Sani, ita ma ta yi dacen miji.

Abin da aka tara a ambulan ya biya kuɗin jirginsu, sun tashi saura kwana biyu wa'adi ya cika. Da suka isa Fagge, Hajiya ta turo min saƙon murya. Ta ce Amira tana kan cinyarta, kuma wushiryarka ce a bakin yarinyar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa duk wanda ya ci daga shukarka ya zame maka nauyi a mizani. Ya raya Husna da Amira, Ya ba mahaifiyarsu ladan haƙuri, Ya saka wa Ayi da mutanen ƙauyenta da mafificin alheri. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Ƙaninka da bai gama kewarka ba,
Auwalu, daga Guangzhou.