Ƙullin da Babu Toka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Lawali.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Kaura, ni ne ƙanenka Bashiru daga Gurbin Bore. Na kira ka har na gaji, ba ka ɗagawa, shi ya sa na rubuta a nan inda jama'a za su gani. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a boko ba.

Maganar irin yalon Inna ce.

Ka tuna yadda take yi, Allah ya ji ƙanta. Iri uku take ajiyewa: ɗata mai ɗaci, koren gauta na miya, sai farin yalon nan mai zanen kore a gindi, wanda muke ci ɗanye. Shi take bari ya nuna a jikin uwarsa har ya yi ja, ta matse 'ya'yan, ta wanke, ta shanya, ta cuɗe da toka saboda ƙwari, ta ƙulle a tsumma. Takan ce, “Wanga iri na uwata ne, ba a sai da shi. Wanda ya roƙa ku ba shi.”

Da ta rasu, kai ne babba, ƙullin ya zauna a hannunka.

Bana na gyara filin bayan ɗaki don shuka. A Kaura mai shago ya nuna mini iri na zamani a cikin leda, dogon baƙin yalon nan da wani mai saurin 'ya'ya. Na jujjuya, na mayar masa, na ce na Inna zan shuka. Na zo gidanka, ka shiga ɗaki ka daɗe, ka fito da ƙulli.

Tun a hannu na lura babu toka a ciki, ɗaurin ma ba irin nata ba ne. Na kalle ka, kai kuma kana ta goge babur. Na ce a raina, wa zai zargi yayansa a kan irin yalo?

Na yayyafa, na rufe da ciyawa, safe da yamma ina ban ruwa da jarka. Na dasa, na yi shingen kara saboda awaki. Ka san suna ƙanana ba a cika raba ɗata da yalo ba, sai sun yi 'ya'ya. Wata uku ina jiran abin da kai ka riga ka sani. Ranar da na gatsa na farko sai da na tofar. Ɗata ce, Yaya, kaf ɗinta.

Duk da haka na ce ƙila kuskure ne. Sai ran kasuwar Shinkafi na hangi farin yalo mai zanen kore a kwandon wani manomin Badarawa. Na ɗanɗana, idona ya kawo ruwa a tsakiyar kasuwa. Ya ce wani ɗan kabu-kabu ɗan garinmu mai zama a Kaura ne ya sayar masa da irin duka, da alkawarin ba wanda zai ƙara samu. Nan na gane kai ne. Na roƙe shi nunanne guda don in yi iri, ya ƙi. Na kasuwa kuwa ɗanye ake tsinka, 'ya'yansa ba sa tsirowa.

Na san zaman Kaura da wuya. Da ka ce mini, Bashiru, babu, wallahi da na haƙura. Amma ka miƙo mini ɗata da hannunka, har ka ce Allah ya sa albarka.

Yaya, kai ne fa muna yara kake saɓa ni a wuya in ƙaya ta soke ni a hanyar gona. Ban san yadda zan ƙi ka ba, na gwada.

Mutumin ya ce ƙarshen watan nan zai tuge gonar ya sa albasa. Ni bai san ni ba, kai ya sani. Ka je ka warware alkawarin, ka karɓo mini ɗaya cikin waɗanda ya bari su nuna. Ɗaya tak. In kana jin nauyin haɗa ido da ni, ka ba direban motar Zurmi, zan jira a tasha.

Allah ya gafarta wa Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya tsare ka a kan hanya, ya sanyaya mini zuciya a kanka, don har yanzu ba ta sanyaya ba.

Ƙanenka,
Bashiru