Allon da Ka Bar wa Baba

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, ban ma san inda zan ajiye ta ba idan na gama. Amma yau mako uku ke nan ina neman wanda zan amayar wa abin da ke cikina, na duba gidan nan kaf ban samu ba, sai kai da ke kwance a bayan gari.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Damina ta yi kyau, alhamdu lillahi. An yi girbin gero, gyaɗa na shanye a ƙofar gida. Kawu Sale ne ya karɓi gonarka ta Watari, ya ce albasa zai zuba da rani. Matarka Anti Maryam ta fita takaba ta koma gidansu a Bici, amma tana kawo mana Ummi. 'Yarka ta fara tafiya, Yaya, kuma ƙafa take ja irin taka. Inna lafiya lau sai ciwon gwiwar da ka sani. Baba ne ba lafiya, kuma ni ce sanadi.

Maganar na'urar karatun nan ce da ka sayo masa daga Kano, wadda yake kira allon Habibu. Ni shaida ce a kan wahalar da ka sha. Shekara biyu kana kwafe waƙoƙin wa'azi da addu'o'in da kakanmu ya rubuta da ajami, waɗanda gara ta fara ci, kana zuba su a ciki. Da ka miƙa wa Baba ya ce ba ya ganin komai, saboda yanar da ta fara rufe masa ido, kuma rubutun da ya zo da na'urar siriri ne kamar zare. Ka koma ka yi ta fama har ka cire shi, ka sa mata wani mai kaurin baƙi irin na allo, irin wanda ya koya tun yana yaro. Ranar da ya karanta shafin farko a gindin darbejiya, har Inna sai da ta leƙo daga zaure tana dariya.

Abu ɗaya ka ja mini kunne a kai. Ka ce ni zan riƙa sa masa caji, amma kada in kuskura in haɗa ta da intanet. Ban tambaye ka dalili ba, kai ma ba ka faɗa ba. Me ya hana ka faɗa? Ka san halina, idan ba a gaya mini dalili ba gani nake tsoratarwa ce kawai.

To na haɗa ta. Kuma wallahi ba don wani abin kirki ba. Wani littafin soyayya nake karantawa a waya, idona ya gaji, na ce bari in tura shi cikin allon in karanta kafin Baba ya dawo daga gona. Ina haɗawa ta rubuto wani abu da Turanci tana neman a sabunta ta, na danna eh ba tare da na tsaya karantawa ba. Ta mutu, ta sake tashi. Waƙoƙin duk suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba, amma rubutunka ya tafi. Siririn nan na kamfani ya dawo.

Bayan la'asar Baba ya karɓa ya zauna. Ya kai ta kusa da fuska, ya janye, ya goge ido da bakin riga. Ya ce baƙaƙen sun rame, ɗigon da ya san yana ƙasa ya koma sama. Sai ya kira ni ya tambaye ni ko wani abu ya sami allon. Yaya, a nan na yi ɓarnar da ta fi ta farko. Na karɓa na duba, na ce masa lafiyarsa ƙalau, yadda ka bar shi haka yake. Na ji tsoron in ce na lalata abu na ƙarshe da hannunka ya yi masa, kuma saboda littafin soyayya. Sai ya ce to ashe idon ne ya ƙarasa.

Tun daga ranar ya zauna. Mutumin da ke zuwa gona da ƙafarsa ya dawo sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Ya daina taɓa allon. Ni kuwa na ce kafin ya gane zan gyara, sai in ce masa hazo ne ya wuce. Na ƙara girman rubutun har kalma biyu ta cika shafi, amma siriri dai siriri ne. Na shiga mota na kai ta Bici wajen masu gyaran waya, uku na zaga, kowa ya juya ta ya ce shi waya ya sani. Wata ɗaliba a kwaleji, wadda ka taɓa koyarwa, ta zauna da ni yini guda. Ta sauko da kalar rubutu har huɗu, na'urar ta ƙi karɓar ko ɗaya. Ta ce wata ƙofa ka buɗe mata ta bayan gida ka shigar da naka, sabuntawar nan ta toshe ƙofar, kuma ita ba ta san hanyar da ka bi ba.

Ta ce mai yiwuwa komai na cikin kwamfutarka. Anti Maryam ta ba ni ita ba musu. Me ka sa mata a matsayin kalmar sirri? Na gwada sunan Ummi, na gwada na Inna, na gwada sunan garinmu, har nawa na gwada ina jin kunyar kaina. Mai gyara ya ce zai iya buɗewa amma sai ya goge komai. Haba Yaya, kai da kake rubuta ranar zuba taki a jikin bango don kada a manta, ka kasa rubuta wannan a ko'ina? Wani lokaci haushinka nake ji, sai in tuna ba kai ka danna ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Akwai wani mai maganin ido da ke zuwa kasuwar Makoda, irin masu soka allura su tura yanar ciki. Kai da bakinka ka gaya mini yadda aka yi wa Malam Idi maƙwabcinmu, ya yi mako yana murna yana gani, daga baya idon ya kumbura ya mutu gaba ɗaya. Ka ce ko bayan ranka kada a bar Baba ya je, a jira a kai shi asibitin ido a Kano. To Baba ya aika an yi magana da mutumin. Asibiti kuwa ya ce ba zai taka ba, tunda da ƙafarka ka shiga aka fito masa da kai a kwance. Ya ce wanda idonsa ya riga ya tafi ba shi da asara, in an dace ya koma karatun ɗansa.

Shekaranjiya na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, har littafin ban ɓoye ba. Na shirya wa faɗa, na shirya wa fushi. Ka san abin da ya yi? Murmushi ya yi, ya dafa kaina ya sa mini albarka. Ya ce ya san Inna ce ta kitsa mini wannan don a hana shi zuwa, kuma Allah ba zai kama ni da ƙaryar tausayi ba. Ya ce aikin Habibu ba ya lalacewa haka kawai, kuma ni da kaina na duba na shaida masa tun ranar farko. Na rantse, ya ce in daina rantsuwa a kan ƙarya.

Na ruga wajen liman, ya ɗauki alƙalami ya rubuta baiti biyu a allon katako da kauri. Na kawo wa Baba ya karanta su tsaf. Zuciyata ta yi sanyi, sai ya ce ai waɗannan ya haddace su, ko a duhu zai kawo su. Na ce a rubuta wani abin da bai sani ba, ya ture allon ya ce ya gaji da a riƙa gwada shi kamar yaro. Kawu Sale da na kai wa ƙara cewa ya yi rubutu ai rubutu ne, in bar dattijo ya nemi lafiyarsa. Inna kuka kawai take yi.

Yaya Habibu, ya zan yi? Ƙaryata ya yarda da ita nan take, gaskiyata ya ƙi. Kai kaɗai za ka duba allon nan ka ce masa wannan ba rubutunka ba ne ya yarda. Idon nan yana gani, wallahi yana gani, jiya ma ina kallo ya tsince tsakuwa daga cikin gyaɗa bai ma lura ya yi ba.

Jibi ne kasuwa. An riga an yi wa mai babur magana. Ɗazu bayan azahar ya kira ni ya ce mai maganin yana son a zo da wanda zai riƙe kan mara lafiya kada ya motsa. Ya ce da kana nan kai za ka riƙe, amma tunda ba ka nan ni ya zaɓa, don duk cikin 'ya'yansa ni ce ban taɓa cutar da shi ba.

Allah ya ji ƙanka, ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, in ana yafewa daga can.

Ƙanwarka da ba ta ji magana ba,
Sa'adatu